Tiyar intanet: in alƙaluma sun saɓa, wanne ɗan kasuwa zai bi?

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar ƙauye ya kai birni ya san cewa tiya ba ɗaya ba ce. Ana cewa tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100, watau kilo 2,5 kowace tiya, amma ta wani gari ta fi ta wani zurfi, hannun wata ma'auniya kuma ya fi na wata tozo. Duk da haka ba a taɓa jin an tashi kasuwa saboda wannan ba. Ƴan kasuwa sun san inda bambancin ke cin mutum da inda ba ya komi, da wannan sanin kuma su ke neman abincinsu.

To ga shi yau wata sabuwar tiya ta shigo hannun mutane, ita ce ta auna masu leƙa shafin intanet. Mai saida atamfa a Maraɗi, da mai otel a Yamai, da ma'aikacin da aka ɗora wa kula da shafin ma'aikatarsu, kowa na son ya san mutum nawa su ka shigo, daga ina su ka fito, me su ka duba. Akwai manhajojin da aka ƙera domin wannan aiki, wadda ta fi yaɗuwa ita ce Google Analytics, sai irin su Matomo da Plausible. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, in aka ɗora biyu daga cikinsu a kan shafi guda, cikin wata guda, kowace da adadin da za ta kawo, wani zubin ma tazarar ba kaɗan ba ce. Daga nan sai gardama ta tashi tsakanin mai dukiya da yaron da ya yi masa shafin: wace ce mai gaskiya, kuma kuɗin tallan da aka kashe sun tafi a banza ne ko kuwa?

Amsar a taƙaice, mai karatu, ita ce babu ko ɗaya cikinsu da ke ƙidaya mutane ɗai-ɗai kamar yadda a ke ƙidaya awaki a bakin garke. Dukansu ƙiyasi su ke yi. A mafi yawan shawarwarin yau da kullum wannan ba ya hana komi. Amma akwai wurare huɗu da kuskuren awo ke komawa asarar kuɗi, kuma ya kamata duk mai shirin zuba jarinsa a wannan fage ya san su.

Hanyoyi biyu na ƙidaya

Kowane shafin intanet yana zaune ne cikin wata babbar kwamfuta mai aiki dare da rana. Duk sa'ad da aka nemi abu daga gare ta tana rubutawa cikin wani kundi, kamar yadda mai gadin ma'aikata ke rubuta masu shiga da fita. Karanta wannan kundi shi ne hanya ta farko, da ita kuma aka fara a shekarun 1990. Aibinta shi ne ba ta bambanta mutum da na'ura. Akwai dubban na'urori masu yawo cikin intanet ba tare da hannun kowa ba, wasu na Google ne masu tattara shafuka domin masu bincike, wasu na ɓarayi ne masu neman ƙofar da aka manta ba a kulle ba. Kamfanin tsaro na Imperva, wanda ke fitar da rahoto kowace shekara a kan wannan batu, ya ƙiyasta cewa a 2023 kusan rabin zirga-zirgar intanet ta irin waɗannan na'urori ce.

Hanya ta biyu ita ce ta Google Analytics, wadda aka buɗe wa jama'a kyauta a watan Nuwamba na 2005. A nan ana liƙa wani ɗan guntun rubutu na umurni cikin shafin. In shafin ya buɗe a wayar mai ziyara, rubutun sai ya aika saƙo cewa ga wani ya zo. Wannan ya kan tace akasarin na'urorin nan, amma shi ma yana da nasa ramin. In layi ya yanke kafin shafin ya gama buɗewa, abin da mu ka saba da shi a nan, saƙon ba zai tafi ba. In mai ziyara ya sa manhajar toshe talla, sau da yawa ta kan toshe har da mai ƙidayar. A ƙasashen Turai kuma, tun da dokar kare bayanan mutane ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, an tsananta sharaɗin neman yardar mutum kafin a bi sawunsa. Wanda ya ƙi ya fita daga lissafi, sai dai a cike gurbinsa da ƙiyasi. Ke nan hanya ta farko ta kan yi tozo, ta biyu ta kan tauye.

Wane ne mutum guda?

Ko an ga mai ziyara, saura a san ko shi ne wanda ya zo jiya. Google Analytics ta kan ajiye wata ƴar alama cikin waya ko kwamfuta, wadda a ke kira kuki, ta nan ta ke gane wanda ya dawo. Saboda haka na'ura ta ke ƙidayawa a madadin mai ita. Alhajin da ya duba shafi da safe a kwamfutar biro, da dare kuma a wayarsa, ya zama mutum biyu. Iyalin da ke karɓa-karɓa da waya guda, su biyar ko shida, sun zama mutum ɗaya. Daɗin daɗawa, tun 2019 manhajar Safari ta kamfanin Apple ke share irin wannan alama bayan kwana 7, saboda haka mai iPhone da ya yi mako biyu bai leƙo ba, in ya dawo baƙo ne sabo.

Plausible, wadda ta fito a 2019, ta bi wata hanya domin kada ta ajiye komi a wayar mutane. Tana haɗa lambar layin da mutum ya shigo da shi da irin na'urarsa ta fitar da alama, alamar kuma ba ta wuce awa 24. Wanda ya zo Litinin da Talata da Laraba mutum uku ne a wurinta. A ƙasashe irin namu kuwa, inda kamfanin salula ke ratsa mutane da yawa ta lamba guda, wayoyin Tecno da Itel iri ɗaya kuma sun cika hannaye, mutum biyu na iya komawa ɗaya. Ita Matomo, wadda wani Bafaranshe mai suna Matthieu Aubry ya soma a 2007 da sunan Piwik, ana iya tsara ta da kuki ko babu, kowane tsari da adadin da zai bayar. Hatta kalmar ziyara sai da aka yanka mata iyaka: al'adar da aka fi bi ita ce in mutum ya yi minti 30 bai taɓa komi ba ziyararsa ta ƙare. Wanda ya ajiye waya ya ci abinci ya dawo, ziyara biyu ya yi.

Inda bambancin ba ya komi

Mu koma kasuwar hatsi. Matar da ke saida hatsi da tiya guda tun shekara biyar, ko tiyar tata ta gaza kilo 2,5, ta san sarai ko cinikinta na wannan kaka ya fi na bara, domin da abu guda ta auna duka biyun. Haka abin ya ke a shafi. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, manhaja ta farko ta nuna ziyara 1.000 a watan Janairu da 1.300 a Fabrairu, ta biyu kuma ta nuna 1.400 da 1.800. Tazarar da ke tsakaninsu babba ce, amma labarin da su ke bayarwa guda ne: an samu ƙari na wajen kashi 30 cikin 100. Ko wacce mai shago ya bi, shawarar da zai yanke ba za ta sauya ba.

Tambayoyin ɗan kasuwa na kullum irin waɗannan ne. Wane kaya aka fi dubawa, shadda ko leshi? Jama'a sun fi shigowa da hantsi ko da dare? A wane mataki masu saye ke juyawa, wajen ganin farashi ko wajen biya? Kowace daga cikin manhajojin nan za ta amsa daidai gwargwado, muddin kuskurenta bai sauya ba daga wata zuwa wata. Wanda ya ɓata mako biyu yana neman dalilin da ya sa wannan ta ce 1.000 waccan ta ce 1.400, ko ya biya kuɗi mai tsoka domin wadda aka ce masa ta fi daidai, ya yi asarar lokacin da ya kamata ya gyara hotunan kayansa ko ya amsa saƙon masu tambaya.

Wurare huɗu da awo ke cin dukiya

Wuri na farko shi ne inda a ke biyan kuɗi bisa adadi, musamman in mai karɓar kuɗin shi ne mai tiyar. A watan Satumba na 2016 Facebook ya amsa cewa ya yi kimanin shekara biyu yana kumbura matsakaicin lokacin da mutane ke ɗauka suna kallon bidiyo a dandalinsa. Kuskuren na lissafi ne: ya kan tara dukan lokacin kallo, amma wajen rabawa sai ya raba da waɗanda su ka kai daƙiƙa 3 kawai, ya bar waɗanda su ka wuce da sauri. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa ƙarin ya kai kashi 60 zuwa 80 cikin 100. Kamfanin ya ce abin bai shafi kuɗin da ya karɓa daga kowa ba, masu talla kuwa su ka ce da wannan adadi su ka yanke shawarar inda za su zuba kuɗinsu, su ka kai ƙara. A 2019 aka sasanta a kan dalar Amurka miliyan 40, sama da miliyar 20 na kuɗin Sefa, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Darasin ya shafi har ƙaramin ɗan kasuwa mai biyan wata jaridar intanet ko wani mai yawan mabiya domin a tallata masa kaya: kafin a ƙulla ciniki a yarda da tiyar da za a auna da ita, a kuma rubuta.

A nan ne ma rigimar wa ya kawo mai saye ke tasowa. Mace ta ga tallan atamfa a Facebook ranar Litinin ta danna, ranar Alhamis ta nemi sunan shagon a Google ta danna talla na biyu, ta saya. Bisa tsarin da ya saba, Facebook na lissafa cinikin da ya faɗa cikin kwana 7 bayan dannawa a matsayin nasa. Google shi ma zai ce nasa ne. Turmi ɗaya aka saida, dillalai biyu na neman la'ada. Wanda ya tara alƙaluman biyu zai ga cinikin da babu shi cikin akwatin kuɗinsa.

Wuri na biyu shi ne ranar da aka sauya tiya. Ranar 1 ga Yuli 2023 Google ya dakatar da tsohon tsarinsa mai suna Universal Analytics, masu amfani da shi su ka koma sabon da a ke kira GA4. Sunayen alƙaluma da yawa suna nan yadda su ke, amma ma'anarsu ta sauya. A tsohon tsari, wanda ya duba shafi guda ya fita ana sa shi cikin masu juyawa daga bakin ƙofa, ko da ya yi minti biyar yana karatu. A sabon, wanda ya wuce daƙiƙa 10 ya fita daga wannan rukuni. Saboda haka adadin masu juyawa na iya faɗuwa dare ɗaya ba tare da an gyara komi ba. Shugaban da ya kwatanta alƙaluman tsohon tsari da na sabo bai san wannan ba, zai iya yaba wa ma'aikacin da bai yi komi ba, a wani fannin kuma ya tsawata wa wanda bai yi laifi ba. Maganin sananne ne: in za a sauya manhaja, a bar tsohuwa da sabuwa su yi aiki tare wata biyu ko uku, a san tazararsu, kamar yadda masu bin farashin cimaka a kasuwanninmu ke mai da tiya kilo kafin su kwatanta Damagaram da Tawa.

Wuri na uku ya fi sauran ɓoyuwa. Ba laifi in manhaja ta rasa mutum ɗaya cikin kowane biyar, matuƙar waɗanda ta rasa sun yi kama da waɗanda ta gani. Matsala na zuwa ne in wani rukuni guda ta ke rasawa. Waɗanda layi ya fi yanke wa mutanen karkara ne da na ƙananan garuruwa. Masu tsimin kuɗin intanet da ke shiga ta Opera Mini, wadda ke ratsa shafi ta kwamfutocin kamfaninta ta matse shi kafin ya iso waya, su ma ba kullum a ke ganinsu daidai ba. Garin da mutum ya ke ma hasashe ne daga lambar layi, shi ya sa mai duba shafi daga Tasawa ke iya bayyana a matsayin mutumin Yamai. Mai saida irin albasa ko takin zamani in ya duba alƙaluma ya ga masu ziyararsa duk ƴan birni ne, sai ya janye tallansa daga ƙauye, alhali manoman Galmi da Madawa su ne masu sayensa, manhajar ce ba ta gansu ba.

Wuri na huɗu shi ne inda adadi ya yi kaɗan, nan ne kuma akasarin ƴan kasuwarmu su ke. Masana ƙididdiga na da ƙa'ida mai sauƙi a kan abin da ke zuwa bisa sa'a: in matsakaicinsa 100 ne, hawa ko saukar 10 ba labari ba ne; in 25 ne, hawa ko saukar 5 ba labari ba ne; sai an kai 10.000 wannan lilo ke komawa kashi 1 cikin 100. Shagon da ya samu masu saye 25 a wannan wata, 21 a wata mai bi masa, ba shi da hujjar cewa kasuwa ta faɗi. In kuma manhaja ta ɓatar da uku ko huɗu a kan haka, sai a ga faɗuwar da babu ita, a soke tallan da ke kawo riba. A irin wannan hali littafin shago a ke buɗewa, a ƙidaya da hannu.

Akwatin kuɗi shi ne alƙali

Manyan kamfanonin duniya, masu ƙwararru da manhajoji mafi tsada, su ma sun gano cewa ko ƙidaya ta yi daidai ba ta isa ta nuna ko talla na aiki ba. A 2012 kamfanin eBay na Amurka ya yi wani gwaji: ya daina biyan tallan da ke fitowa in mutum ya rubuta sunan eBay a wasu shafukan bincike. Alƙaluma sun daɗe suna nuna cewa ta wannan talla masu saye ke shigowa, kuma ƙidayar ba ƙarya ba ce, mutane na dannawa. Da aka tsayar da shi, sai kusan dukansu su ka ci gaba da shigowa ta hanyar da ba a biya, domin dama can eBay su ka nufa. Masana uku da su ka gudanar da binciken, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, sun buga sakamakon a 2015.

Irin wannan gwaji bai fi ƙarfin mai shago a kasuwar Dole ba. A tsayar da talla mako biyu a wani gari, a bar shi a wani, a duba littafin ciniki, sai dai a kauce wa gabanin salla da ƙarshen wata da albashi ke fita. Wajibi ne ma a yi haka a nan, domin cinikinmu ba a kan shafi ya ke ƙarewa ba. Mutum ya ga kaya a shafi, ya koma WhatsApp a yi tayi, ya biya ta gidan aika kuɗi, a sa masa kaya a mota. Babu manhajar da ta ga wannan sashe na tafiyar. In yaron shago ya riƙa tambayar kowane sabon mai saye inda ya ji labarin shagon, ya rubuta amsar cikin kaye, wannan kaye zai fi dogon jadawali amfani.

Ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyi su ma abin ya shafe su. Rahoton da a ke kai wa magabata ko masu ba da tallafi ya kan ce mutum kaza sun ziyarci shafi. Ya kamata a rubuta a gefe da wace manhaja aka auna, kuma ziyara a ke nufi ko yawan na'urori, domin wanda ya karɓi aikin daga baya ya iya kwatantawa. Kowace tambaya kuma da ma'auninta. Wanda ke son ya san ko shafin zai ɗauki cunkoson ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, kundin babbar kwamfuta zai duba, tun da nauyi nauyi ne, ko na mutum ko na na'ura.

Shawarar da za a riƙe ke nan: a zaɓi manhaja guda, a tabbatar an girka ta daidai, domin rubutun ƙidaya da aka liƙa sau biyu, ko aka manta shi a wasu shafuka, ɓarnarsa ta kan fi ta bambancin kamfanoni. A cire ziyarar mai shafi da yaransa daga lissafi, a kuma daina sauye-sauye. A yi aiki da ita wajen ganin ko kasuwa hawa ta ke ko sauka. Ranar da kuɗi za su fita bisa adadi kuwa, a nemi ma'auni na biyu wanda ba na mai karɓar kuɗin ba ne, a kuma buɗe littafin ciniki. Dillalin hatsi da ya shekara talatin a kasuwa bai taɓa neman tiyar da ba ta da kuskure ba. Ya san tasa, ya kuma san ta wanda ya ke ciniki da shi.